Gyalen leshi na saƙar hannu mai rikiɗar launi

Gyalen leshi mai rikiɗar launi mayafi ne mara nauyi da ake saƙawa da kibiyoyin saƙa biyu da siririn zare, ana barin ƙananan ramuka a jikinsa da gangan har su haɗu su ba da zane, launinsa kuma yana sauyawa sannu a hankali daga wannan baki zuwa wancan, ba tare da an ga inda wani launi ya ƙare wani ya soma ba. Wannan sana'a ta yi ƙarfi ne a ƙasashe masu sanyi na arewacin Turai da Rasha. Ba ita ce leshin da aka sani a kasuwanninmu ba, wato yadin da inji ke yi wa ado, irin wanda aka daɗe ana kawowa Najeriya daga Lustenau ta Austiriya da St. Gallen ta Suwizalan, haka kuma ta bambanta da saƙar kwarashi, wadda ake yi da ƙugiya guda.

Yadda ramukan ke samuwa

Kowace saƙar kibiya jerin madaukai ce da ke rataye a jikin juna, kowane madauki kuma masu saƙa na ƙirga shi a matsayin ido ɗaya. Idan mai saƙa ta naɗa zare a kan kibiya ba tare da ta zura ta cikin wani ido ba, sabon ido ya samu, ƙarƙashinsa kuma rami ne. Tun da yake hakan ya ƙara yawan idanu, sai ta haɗa wasu biyu ta saƙa su tare domin ƙirga ta koma daidai. Duk zanen leshi, komai wuyarsa, daga waɗannan motsi biyu yake fitowa. Abin da ke bambanta zane da zane shi ne inda aka sa ramin da inda aka yi ragin, da kuma ɓangaren da ragin ya karkata, domin akwai haɗin da ke kwantawa dama, akwai mai kwantawa hagu, akwai kuma na ido uku da ke tsayawa a tsakiya kamar jijiyar ganye. A saƙa mai sauƙi ana yin layin zane ɗaya a bi shi da layi na hutu wanda ba a yin komai a cikinsa sai saƙa zalla. A mai wuya kowane layi na zane ne, ramukan sun fi yawa, kuskure kuma ya fi wuyar gyara.

Inda sana'ar ta yi suna

Wurare uku ne aka fi ambata. Na farko tsibiran Shetland ne da ke arewacin Sukotlan, musamman tsibirin Unst, inda mata ke tuge gashi mai laushi daga wuyan tunkiya da hannu maimakon aski, su kaɗa shi ya yi siriri kamar gashin kai. Saƙarsu ta shiga kasuwannin Ingila a zamanin Sarauniya Biktoriya, an kuma nuna ta a babban baje kolin Landan na 1851. Daga nan ne labarin mayafin zoben aure ya bazu, wato mayafi mai faɗin kusan mita 1.8 ta kowane ɓangare wanda duk da haka ake iya zare shi ta cikin zobe. Irin wannan fari ake yin sa, har akan turara shi da hayaƙin farar wuta don ya ƙara haske.

Na biyu yankin Orenburg ne na Rasha, kusa da iyakar Kazakistan, inda ake taje lallausan gashin da ke ƙarƙashin gashin akuya, a murɗa shi da zaren siliki. Mafi sirantar mayafinsu suna kiran sa da kalmar da ke nufin yanar gizo-gizo. Na uku garin Haapsalu ne na Estoniya, wanda a ƙarni na 19 ya zama wurin hutu da wankan laka na manyan mutanen daular Rasha, matan garin kuma suka samu masu saye a ƙofar gida. Alamar saƙarsu ita ce ɗan ƙulli da suke kira nupp, wanda ake yi ta hanyar fitar da madaukai biyar ko bakwai ko tara daga ido guda, sannan a haɗe su a layi na gaba.

Asalin rikiɗar launi

Leshin alfarma na waɗannan wurare galibi launi ɗaya ne, kuma akwai dalili. Zanen leshi da ramuka ake ganin sa, launi mai yawan sauyawa kuwa yana ɗauke ido daga ramukan, har aikin da aka yi wata guda ana yi ya ɓace a cikin dabbare-dabbare. Launi da zane kishiyoyi ne a jikin gyale ɗaya, ba sa zama lafiya sai ɗayansu ya yi sanyi. Rikiɗa ta sannu ita ce sulhun da aka samu: a kowane ɗan yanki da ido ya sauka launin kusan ɗaya ne, don haka zanen ya fito sarai, sai an dubi gyalen gaba ɗaya sannan a ga launin ya yi tafiya.

An daɗe ana ganin wannan dabara a mayafin yau da kullum na matan Shetland, wanda suke kira hap. Tsakiyarsa saƙa ce zalla mai ɗumi, gefensa kuma zane ne mai hawa da sauka kamar igiyar ruwa da ake kira Old Shale. Tumakin tsibiran suna da launuka goma sha ɗaya da aka sani a hukumance, daga fari zuwa toka-toka, da ruwan ƙasa mai ja-ja da suke kira moorit, har zuwa baƙi. Matan sukan jera waɗannan launuka a gefen mayafin daga mai haske zuwa mai duhu, su sake komowa, ba tare da an taɓa rini ba. Zanen igiyar ruwan ya dace da wannan ƙwarai, domin a sanannen fasalinsa ana tara ramuka shida wuri ɗaya da ragi shida wuri ɗaya a cikin idanu 18, wannan kuma yana lanƙwasa layin, sai kowane launi ya bi lanƙwasar maimakon ya tsaya a miƙe kamar ratsi. Har yanzu akan ba mai koyo wannan zane idan zarenta mai rikiɗa ne.

Bayan William Henry Perkin ya gano rinin farko na sinadari a Landan a 1856, launuka suka yawaita suka yi araha. Amma zaren da aka rina tun daga masana'anta ya riƙa sauyawa da kansa a tsawon mitoci masu yawa ya yaɗu ne a ƙarshen ƙarni na 20, kuma kamfanin Noro na Japan, da zaren Zauberball na kamfanin Schoppel a Jamus, da zaren Kauni, suna cikin sunayen da masu saƙa suka fi sani.

Hanyoyin samun rikiɗar

Hanya mafi santsi ita ce a cakuɗa gashin tun kafin kaɗi: a shiɓe launi biyu tare, kashi na farko ya rinjayi na biyu, a riƙa rage wannan ana ƙara wancan. Marina na da tasu hanyar. Wasu kan saƙa farin zaren da inji ya zama ƙyalle, su shafa masa rini daga baki zuwa baki, su warware shi bayan ya bushe. Wasu kan tsoma zaren a tukunya su riƙa ɗago shi kaɗan kaɗan, ɓangaren da ya fi daɗewa a ciki ya fi duhu. Wanda ya san yadda maimaita tsomi ke ƙara duhun shuni a marinar Ƙofar Mata ta Kano zai gane hikimar. Rinin ulu da siliki yana bukatar ɗan tsami, kamar ruwan khal, da zafi, kafin ya kama. Mai saƙa kuma na iya yi da kanta ba tare da rini ba, ta hanyar haɗa siraran zare biyu tana saƙa su tare, tana sauya ɗaya kawai a kowane mataki, ko ta riƙa musanya layukan tsohon launi da sabo na ɗan lokaci kafin ta saki tsohon.

Siffa da lissafin zare

Zaren leshi na kasuwa yakan kai kimanin mita 800 a gram 100, wanda ya fi shi siranta kuma ya haura mita 1,000. Ana saƙa shi da kibiya mai kaurin milimita 3 zuwa 4, wadda ta fi ƙarfin zaren, domin saƙar ta saki. Siffar gyalen ce ke yanke yadda launin zai rarrabu. A dogon gyale mai faɗi ɗaya kowane layi yana cin zare daidai da ɗan'uwansa, don haka idan tsawonsa santimita 180 ne kuma launuka biyar ne masu tsawo ɗaya, kowanne zai samu santimita 36. A mayafi mai kusurwa uku da aka soma daga wuya abin ba haka yake ba, domin layukan suna ƙara tsawo, kuma lokacin da aka kai rabin zurfinsa kashi ɗaya cikin huɗu na zaren kawai aka ci. Launin farko sai ya yi fili babba a ƙeya, na ƙarshe ya zama ɗan siririn baki. Mai son bakin gyalenta biyu su zo launi ɗaya tana bukatar dunƙule biyu da suka fara daga wuri guda, ta saƙa rabi biyu ta ɗinke su a tsakiya da ɗinkin da ke kwaikwayon saƙa, ko ta soma daga tsakiya ta nufi kowane baki. Wani abin ɓacin rai da aka saba gani shi ne ƙulli a cikin dunƙulen da masana'anta ta ɗaura, wanda ke tsallake wani sashe na launin. Dole a warware zaren har a samo inda ya dace sannan a ci gaba.

Tsaro da gamawa

Idan ido ya suɓuce a leshi yakan warware ya bi ramuka ƙasa, kuma mayar da shi aiki ne. Saboda haka akan zura wani zare mai santsi ta cikin dukan idanun layi guda bayan kowane zagayen zane, ta yadda in an yi kuskure za a warware zuwa nan a tsaya. Ana kuma sa ƙananan zobba a kan kibiya tsakanin zane da zane don sauƙin ƙirga.

Gyalen da aka sauke daga kibiya a takure yake, zanensa ba ya fitowa sai an miƙar da shi. Ana jiƙa shi a ruwa mai ɗumi kaɗan, a matse a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa a ja shi, a kafe gefunansa da fil ko siraran wayoyi har ya bushe a inuwa; a Shetland katako mai ƙusoshi ake ɗaura shi a kai. Ulu da siliki suna riƙe wannan siffa har zuwa wanki na gaba, zaren roba kuwa ba ya riƙewa sai an bi shi da tururi, wanda ke sauya shi har abada. A wankin farko ne duhun launi kan zuba a kan mai haske idan rinin bai kama sosai ba, shi ya sa ake gwada ɗan guntun zaren a ruwa tun kafin a soma saƙa, ba a kuma barin gyalen ya daɗe a jiƙe a naɗe.