Kallon da Baƙi Ke Yi wa Al'adun Japan

Kallon da baƙi ke yi wa Japan ya sha sauyawa, kuma sau da yawa yakan bi halin da masu kallon ke ciki ne, ba halin Japanawa ba.

Tarihi

Turawa sun fara jin labarin ƙasar ne daga bakin matafiyi ɗan Italiya Marco Polo a ƙarshen ƙarni na 13. Bai taɓa taka ta ba, amma ya ce da zinariya aka rufe fadar sarkinta. Mutanen Fotugal sun sauka a tsibirin Tanegashima wajajen 1543. Daga shekarun 1630 gwamnatin Tokugawa ta kulle ƙofa, a cikin Turawa 'yan kasuwar Holan kaɗai ta bari, su ma a ɗan tsibirin Dejima da ke Nagasaki. Haka aka zauna har jiragen yaƙin Amurka na Matthew Perry suka iso a 1853.

Bayan baje kolin Paris na 1867, Turai ta ruɗe da zanen Japan da kimono (rigar gargajiyar Japanawa) da maficai. A lokacin ne siffar mace Bajapaniya mai kunya da biyayya ta kafu a wasannin Turawa. Da Japan ta ci Rasha da yaƙi a 1905, sha'awar ta gauraya da tsoro. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta tsare kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan, akasarinsu 'yan ƙasa. Ruth Benedict, masaniya 'yar Amurka wadda a 1946 ta bayyana Japan da cewa al'umma ce da kunya ke tafiyar da ita, ita ma ba ta je ƙasar ba.

A shekarun 1980 fargabar ta koma kan motocin Japan da ke cin kasuwa a Amurka. A 1982 wasu mutum biyu masu alaƙa da masana'antar motoci suka kashe Vincent Chin a yankin Detroit, suna ɗora wa Japan alhakin rashin aiki, alhali shi ɗan asalin Sin ne.

Siffofin da aka fi yaɗawa

Geisha mata ne ƙwararru a kiɗa da rawa da hira. Ɗaukar su a matsayin karuwai ya ƙaru a zamanin mamayar Amurka, 1945 zuwa 1952. Samurai, wato ajin mayaƙa, ba su kai kashi 10 cikin 100 na jama'a ba a zamanin Edo (mulkin Tokugawa), mafi yawan jama'a manoma ne. Batun cewa Japanawa jinsi ɗaya ne ana jayayya a kansa, saboda akwai ƙabilar Ainu ta arewacin ƙasar da mutanen tsibirin Okinawa.

A yau

Anime (katun ɗin Japan) da sushi (abincin shinkafa da kifi) da wasannin bidiyo ne suka mamaye. A kasuwannin ƙasar Hausa kuwa, in an ce kaya "ɗan Japan" ne, ƙarko ake nufi.