Me ake nufi da "adalcin haraji" idan ana gardamar bashin ƙasa?

A 1979, da Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamnan Kano, Balarabe Musa kuma ya hau ta Kaduna, cikin abubuwan farko da suka yi akwai soke haraji da jangali. Dattawan da suka ga zamanin har yau suna ba da labarin yadda ake karɓar harajin nan. Kuɗi ne da ake yanka wa kowane baligi namiji, mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, sai ka biya. Wanda ya gaza, wani a shanya shi a rana a ƙofar fada, wani ya sayar da 'yar akuyar matarsa, wani ya sulale ya tafi cin rani har sai ƙura ta lafa. Bafulatani kuwa da ya ji masu ƙidayar jangali sun doso, sai ya kora garke cikin daji. Ba biyan ne kawai ya dami mutane ba. Abin da ya fi ci musu rai shi ne ba a duba ƙarfin mai biya, kuma ba su ga abin da kuɗin ke dawo musu da shi ba. 'Yan NEPU sun daɗe suna wannan kuka tun kafin PRP, jam'iyyar Rimi da Balarabe, ta samu mulki.

Na fara da wannan ne domin a ga cewa kalmar "adalcin haraji" da ake ta maimaitawa a rediyo da Facebook, musamman tun ƙarshen 2024, ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ma'anarta a taƙaice ita ce a raba nauyin ɗaukar gwamnati a kan mutane ta yadda kowa zai ɗauki gwargwadon ƙarfinsa, masu ƙarfi ɗaya su ɗauki kaya ɗaya, wanda ya fi ƙarfi ya ɗauki fiye. Duk wanda ya san zakka ya riga ya san rabin zancen: akwai nisabi, wanda dukiyarsa ba ta kai ba ba a karɓa a hannunsa, wanda ta kai kuma ana lissafi ne da yawan abin da ya mallaka.

To me ya haɗa wannan da bashi? Gwamnati ba ta da wata gona tata ta gado. Idan kasafin kuɗi ya zo da giɓi, wato abin da za a kashe ya fi abin da za a samu, sai a ranto. Ranar biya kuma daga kuɗin man fetur da haraji za a biya, har da kuɗin ruwa. Ke nan bashin ƙasa haraji ne da aka ɗage karɓarsa zuwa gaba. Shi ya sa duk gardamar bashi, komai nisan da ta yi, a kan haraji take sauka.

Sai dai a Najeriya da wuya gardamar ta kai can, domin a hanya take maƙalewa wajen neman mai laifi. Ɗan PDP zai ce maka a 2005 Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala sun sasanta da Paris Club, ƙungiyar ƙasashen da ke bin Najeriya bashi, aka yafe wa Najeriya kusan dala biliyan 18, ta biya kusan biliyan 12, aka rufe littafi a 2006. Zai ƙara da cewa lokacin da Buhari ya karɓi mulki a 2015 bashin bai wuce naira tiriliyan 12 da 'yan kai ba, amma a tsakiyar 2023 Ofishin Kula da Basussuka ya ce ya haura tiriliyan 87. Ɗan APC zai mayar masa da cewa lokacin da gangar mai take sama da dala 100 ku ne a kan mulki, me kuka ajiye? Farashin ya faɗi tun 2014, aka shiga matsin tattalin arziki a 2016, ga yaƙi da Boko Haram, ga korona a 2020, da me kuke so a biya albashi? Yanzu ma a cikin APC ɗin kanta ana yi: masu kare gwamnatin Tinubu suna cewa gado suka tarar, mutanen Buhari suna cewa ku duba abin da aka ƙara bayan tafiyarmu, tunda a ƙarshen 2024 alƙaluman sun haura tiriliyan 144.

Kowannensu yana da gaskiya a bakinsa, kuma kowanne akwai abin da ya haɗiye. Laifi tudu ne. Alƙaluman da ake jifan juna da su ba na gwamnatin tarayya kaɗai ba ne, har da bashin jihohi 36 da Abuja a ciki, kuma gwamnonin kowace jam'iyya sun ci. Sannan wani babban kaso na tsallen da bashin ya yi bayan 2023 ba sabon rance ba ne, faɗuwar naira ce. Bashin dala biliyan ɗaya, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, naira biliyan 460 ne. Da aka saki naira a watan Yunin 2023 har dala ta kai wajen 1,500, wannan bashin dai, ba a ƙara sisi ba, ya koma naira tiriliyan ɗaya da rabi. Wanda ya kawo maka alƙaluman naira kaɗai, ya san abin da yake ɓoyewa. Haka shi ma wanda ya kawo na dala kaɗai, tunda da naira ake karɓar harajin da za a biya dalar.

Akwai kuma wani bashi da ya fi kowanne koyar da darasi, wanda a takardun gwamnati ake kira Ways and Means. Ranto ne da gwamnati ke yi daga Babban Bankin Najeriya don toshe ɓaraka kafin kuɗin shiga su iso, kamar ma'aikacin da ke karɓar kaya a kantin unguwa kafin wata ya yi. Dokar bankin ta 2007 ta ce kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. A zamanin Buhari, Godwin Emefiele na gwamnan bankin, abin ya taru har ya kai naira tiriliyan 22.7. A watan Mayun 2023, makonni kaɗan kafin miƙa mulki, Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashi na dogon zango.

Dalilin da ya sa na ce ya fi koyar da darasi shi ne, Babban Banki ba daga asusun wani yake ɗebo kuɗin ba. Ƙirƙirar su yake yi. Idan naira ta yawaita a kasuwa alhali buhunan masara ba su ƙaru ba, farashi ne zai tashi. Ba shi kaɗai ya jawo tsadar da muka gani ba, akwai cire tallafin mai da faɗuwar naira da rashin tsaro da ya hana noma, amma yana da hannu dumu-dumu. A watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Attajirin da dukiyarsa ke cikin filaye da gidaje da dala, ruwa bai taɓa shi ba, ƙila ma ya ƙaru. Malamin firamare da albashinsa ke tsaye, da bazawarar da ke zuba adashe tana jiran kwasarta bayan wata goma, su ne aka yanke wa. Babu jami'in da ya zo ƙofarsu da rasit, babu dokar da aka karanta a majalisa da sunan haraji, amma sun biya. Duk mai maganar adalcin haraji da bai sa wannan a lissafi ba, rabin kayan ya auna.

Ko a harajin da ake gani da ido ma, siffarsa tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ɗauki naira 50 ɗin nan da ake cirewa idan an tura naira 10,000 ko fiye ta banki. Ɗan cin ranin da ya tura wa mahaifiyarsa dubu goma, hamsin. Ɗan kasuwar da ya tura miliyan hamsin kuɗin kwantena, hamsin. A takarda an yi daidai, kowa hamsin. Amma wannan shi ne ainihin tsohon harajin kan nan da Rimi ya soke, ya dawo ta waya.

Harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan farashin kayan da mutum ya saya, shi ma kusan haka yake, ko da yake da sauƙi. An fara shi a 1994 a kan kashi 5, aka ɗaga zuwa 7.5 a watan Fabrairun 2020. A ce mai albashin naira 70,000, bayan abinci da haya, ya kashe dubu talatin a katin waya da sabulu da sutura da makamantansu. Harajin da ke ciki ya ɗan haura dubu biyu, wato wajen kashi 3 na abin da ya samu. A ce kuma mai samun miliyan biyar a wata ya kashe miliyan ɗaya a irin kayan da ake ɗora wa harajin, ya adana saura. Ya biya wajen dubu saba'in, kuɗi mai yawa a ido, amma bai kai kashi ɗaya da rabi na samunsa ba. Wannan ne ya sa ake cire kayan abinci na yau da kullum da magunguna daga harajin, don a rage wa talaka zafi. Gwamnatoci kuma suna son irin wannan haraji ne don sauƙin karɓarsa. Bin attajiri ya faɗi gaskiyar abin da yake samu aiki ne, ga shi sau da yawa shi ne ya ɗauki nauyin yaƙin neman zaɓen mai binsa.

Da Shugaba Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurori huɗu na gyaran haraji a watan Oktoban 2024, waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara, sai kalmar "adalcin haraji" ta samu wata ma'ana ta daban. Aka bar zancen talaka da attajiri, aka koma jiha da jiha. Ƙudurin ya nemi a raba kashi 60 na rabon jihohi daga kuɗin VAT bisa inda kuɗin ya fito, maimakon kashi 20 na da, ya kuma nemi a riƙa ɗaga VAT daki-daki har ya kai kashi 15. Gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ce ba su yarda ba. Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta ba da shawarar a janye a ƙara tuntuɓa, shugaban ya ce a bar majalisa ta yi aikinta. Gwamna Zulum na Borno na cikin waɗanda suka fi ɗaga murya.

A nan kowane ɓangare "adalci" yake kira. Na Legas da Ribas suna cewa adalci shi ne wanda ya tara ya fi samu, har suna gori da cewa jihohin da suka hana sayar da giya suna karɓar kasonsu daga harajin giya. Tun 2020 ma Nyesom Wike, yana gwamnan Ribas, ya kai maganar kotu. Na Arewa suna cewa abin da muke samarwa, hatsi da dabbobi da tumatir, babu VAT a kansa, ke nan gudummawarmu ba ta bayyana a littafin. Sannan ga matsalar hedikwata: mai shayi a Sabon Gari ya sayi katin waya, shi ya biya harajin, amma kamfanin daga ofishinsa na Legas zai miƙa kuɗin, sai a rubuta Legas ce ta tara. Masu tsara ƙudurin sun ce ai wannan ɗin ma suke son gyarawa, a koma lissafi da inda aka yi amfani da kaya. Rashin yarda ne ya hana a saurari juna. Daga ƙarshe aka tsaya a tsakiya: VAT ya zauna a 7.5, kason gwamnatin tarayya ya sauka daga 15 zuwa 10, na jihohi ya hau 55, ƙananan hukumomi 35, a tsakanin jihohi kuma rabi a raba daidai, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Aka sa hannu ranar 26 ga Yunin 2025.

Ni dai abin da ya tsaya mini a wancan rikici shi ne, wata da watanni ana faɗa a kan wane gwamna ne zai karɓi nawa, da ƙyar ka ji ana tambayar wane ɗan ƙasa ne zai biya nawa. Alhali a nan ne dokar ta yi abin a yaba. Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai, wani irin nisabi ke nan, daga nan ya riƙa hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Amma wannan sauƙi na masu albashi ne da ake cire musu tun daga tushe. Mai tura baro da mai kayan miya da ɗan acaɓa, harajinsu tikiti ne, na ƙaramar hukuma da na ƙungiya da na shara da na wanda ma ba su san sunansa ba, kullum ta Allah, an yi ciniki ko ba a yi ba. Idan ka ji masana na cewa harajin da Najeriya ta tara a 2021 bai wuce wajen kashi 11 na arzikin da ta samar a shekarar ba, gaskiya ne, kuma kaɗan ne ƙwarai. Amma faɗa wa mai baro cewa ba ya biyan haraji neman faɗa ne.

Ƙarancin kuɗin shigar nan shi ne ya sa bashin ya zama ƙarfen ƙafa. Idan aka gwada bashin Najeriya da girman tattalin arzikinta, bai kai na ƙasashe da yawa ba, kuma ministocin kuɗi sun sha kafa hujja da haka. Amma ba da girman tattalin arziki ake biyan bashi ba, da abin da ya shigo baitulmali ake biya. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 biyan bashi ya lashe kusan kashi 96 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Idan haka ne, albashi da asibiti da hanya duk sai an sake rantowa.

Akwai kuma wasu masu biya da ba a taɓa gayyatarsu zauren gardama, domin ba su isa magana ba. Wancan tiriliyan 22.7 na Babban Banki, sharaɗin da aka amince da shi shi ne a biya cikin shekara 40, da kuɗin ruwa kashi 9 a shekara, wato sama da naira tiriliyan biyu duk shekara kafin a taɓa uwar kuɗin. Jaririn da aka raɗa wa suna a makon da majalisa ta amince, sai ya kai shekara arba'in, ƙila da 'ya'yansa a sakandare, kafin a biya kason ƙarshe a 2063.