Ƙananan ƙudaje da kwalbar fiya-fiya: abin da doka ta ce wa mai sayar da abinci

Da zarar zafi ya shigo, mangwaro ya cika kasuwa, sai ka ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje sun yi dandazo a kan tiren kankana, a bakin robar zoɓo, a gefen kwandon tumatir. Mai abinci ta kore su da mafici, su dawo. Sai wani ya kawo shawara cewa a samo fiya-fiya ko Sniper a yayyafa a huta. Wanda ya bi wannan shawarar ya bar laifi ɗaya ya faɗa wanda ya fi shi muni, kuma doka ɗaya ce ta hana dukansu.

Dokar ita ce Dokar Abinci da Magunguna, wadda aka kafa a 1974, aka kuma sake tattara ta cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Sashenta na farko ya haramta sayar da abincin da aka dafa, aka adana ko aka ƙunshe a wuri mai ƙazanta. Ba sai wani ya ci ya kwanta asibiti ba. Muddin yanayin wurin zai iya gurɓata abincin, an riga an karya doka. Ƙuda da ya tashi daga magudanar ruwa ya sauka a kan miya ya cika wannan sharaɗin. Wannan sashen dai shi ne ya haramta sayar da abincin da ke da guba a cikinsa ko a kansa. To, maganin ƙwarin da aka fesa a gefen tukunya, ko aka shafa a kan teburin yankan nama, guba ne a kan abinci.

Mutane da yawa suna ɗauka NAFDAC, hukumar tarayya mai kula da ingancin abinci da magunguna, ce kaɗai ke da hurumi a nan. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da gidajen abinci, gidajen burodi da duk wurin da ake sayar wa jama'a abinci. Shi ya sa duba-gari yake da ikon shiga kicin ɗinki, Hajiya, ya duba kwandon shara da kwatami, ya ba da takardar gargaɗi, in an ƙi gyarawa ya kai magana kotu. Ita NAFDAC daga cikin aikinta akwai rajistar magungunan ƙwari da sa ido kan yadda ake sayar da su.

Sinadarin da ke cikin Sniper sunansa dikulobos, kuma da shi ake haɗa yawancin fiya-fiyar da ake ɗurawa a kwalabe marasa takarda. Maganin gona ne. Yana aiki ne ta hanyar rikita jijiyoyi, kuma bai san bambancin ƙwaro da mutum ba: yawu ya yi ta zuba, amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sarƙe. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da manyan kantuna, ta hana ƙananan kwalabe masu mililita 100 zuwa ƙasa, ta bar manyan a hannun dillalan kayan noma masu izini. Duk wanda ya ga ƙaramar kwalba a teburin mai tireda, haramtaccen kaya ya gani. Kuma mun riga mun ɗanɗana kuɗar wannan ɗabi'a: a 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda dikulobos ɗin da aka samu a cikinsa ya zarce iyakar miligiram 0.01 a kilo ɗaya. Su Turawa sun auna sun mayar. Waken da ya rage a gida, mu da 'ya'yanmu muka cinye shi, abin da har yau yake ci mini rai.

Wani abin takaicin kuma, feshin ba ya ma maganin matsalar. Wannan ƙudan a cikin abin da ya fara tsami yake ƙwai: ɓawon mangwaro, dusar kunun aya da aka tace aka bari, ruwan da ya kwanta a gindin durom ɗin shara, daskararren maiƙo a cikin bututun wanke-wanke, har tsumman goge tebur da aka ajiye da danshi. Mace ɗaya tana zuba ɗaruruwan ƙwai, kuma a yanayi mai ɗumi kwana takwas zuwa goma sun isa ƙwai ya zama ƙuda mai tashi. In ka kashe na sama yau, tsutsotsin suna nan a maɓoyarsu, mako mai zuwa sabon ayari ya fito. Aikin da ke karya su shi ne a kwashe shara kullum kafin a rufe shago, a wanke kwandon da kansa, a goge bututu da buroshi da ruwan zafi, a tsince 'ya'yan itacen da suka fashe, a shanya tsumma, a sa raga a taga, a rufe abinci.

In abin ya fi ƙarfinka har sai an yi feshi, doka ba ta hana ba, amma da ƙa'ida. A kira masu feshi da ke da lasisin Majalisar Kula da Lafiyar Muhalli ta Ƙasa, a nemi ganin lasisin, a duba lambar rajistar NAFDAC a jikin maganin, a kuma karanta ko an yarda a yi amfani da shi a cikin gini. A fitar da abinci da kwanuka tukuna, a wanke tebura kafin a koma aiki. Takardar da suka bayar a adana ta, domin a nuna wa duba-gari ranar da ya zo.