Wasannin sauti na makafi: amsoshin tambayoyin da ba sa ƙarewa

Wai da gaske makaho na iya buga wasan kwamfuta?

E. An daɗe da wuce wannan tambaya. Shades of Doom na kamfanin GMA Games ya fito tun 2001, wasan harbi ne da ake bi da kunne kawai. A Blind Legend ya zo a 2015, The Vale kuma a 2021. Mu wuce.

Dole sai na iya rubuta manhaja?

Dole. Amma ba sai ka zama gwani ba. Wasanka na farko ya zama ƙarami: sauti ya taso daga hagu ko dama, ɗan wasa ya danna kibiyar ɓangaren kafin daƙiƙa biyu su cika. In ka gama wannan har da maki da hanyar fita, ka koyi rabin aikin. Masu fara da birni guda mai unguwanni da 'yan wasa ɗari a intanet, yawancinsu ba sa kaiwa ko'ina.

An ce in nemi BGT. Haka ne?

A'a. Philip Bennefall ya fitar da BGT, manhajar gina wasannin sauti, a 2010, ya yi wa jama'a amfani sosai, amma an daina kula da shi, kuma manhajojin kariya daga bairos kan kama wasannin da aka gina da shi. Ka nemi makamancinsa, NVGT, wanda Sam Tupy ya saki kyauta a 2024. Harshen rubuta manhajarsu ɗaya ne, AngelScript, don haka abin da ka koya a tsohon ba zai tafi a banza ba. In ka riga ka iya Python, tsaya a nan ka haɗa da Pygame, kayan gina wasa na Python. Ka daina yawon neman kayan aiki, ka zauna ka fara.

Na sa sautuka masu daɗi, me ya sa mai gwada mini ya ce bai iya ko farawa ba?

Saboda shafin zaɓi na farko ba ya magana. Wannan kuskure ya ishe ni. Mutum zai kwana yana gyara kukan zaki, ya bar "fara wasa" da "fita" a matsayin hoto, alhali manhajojin karanta allo, irin su NVDA da JAWS da TalkBack, ba sa karanta rubutun da aka zana a cikin hoto. Sai ka miƙa musu rubutun da kanka. A Windows akwai Tolk, wanda ke tura magana ga duk manhajar karanta allo da ke kunne, a Python kuma akwai accessible_output2. Duk lokacin da aka danna kibiya, a ji ɗan sauti, a faɗi sunan zaɓin, sabuwar magana kuma ta katse tsohuwa. Mai amfani da NVDA ya saba da murya mai gudu ƙwarai, kada ka tilasta masa jiran taka mai jan ƙafa.

Ta yaya ɗan wasa zai gane abu na gabansa ne ko na bayansa?

To, wannan ita ce tambaya ta gaske, kuma ba ta da amsa guda da za ta wadatar.

Hagu da dama suna da sauƙi. Kunne na gane su ne daga bambancin ƙara da kuma bambancin lokacin isowar sauti tsakanin kunnuwa biyu, wanda bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Nisa ma da dama-dama: a fili, duk sanda nisa ya ninka, ƙara kan ragu da desibel 6. Ko da yake in ka bi wannan lissafi sau da ƙafa, abokin gaba zai ɓace wa kunne da wuri, don haka a wasa ana sassautawa. Matsalar ita ce abin da ke gabanka daidai da abin da ke bayanka daidai suna isa kunnuwa biyu lokaci ɗaya, da ƙara ɗaya. A zahiri siffar fatar kunne da ɗan juya kai ne ke raba gardama, iyafis kuwa ya kawar da duka biyun.

Hanya ta farko ita ce HRTF, wato tace sauti yadda kai da kunne ke tace shi. Kayan sarrafa sautin wasa irin su OpenAL Soft da Steam Audio duk suna da shi. Yana taimakawa, amma an auna shi ne a kan wani kai da ba na ɗan wasanka ba. Wani zai ji bayansa sarai, wani zai rantse komai daga tsakiyar kansa yake fitowa. A lasifika kuma ba ya aiki yadda ya kamata. Ka sa shi, ka bar maɓallin kashe shi.

Hanya ta biyu tsohuwar dabara ce ta masu wasannin makafi: abin da ya koma baya, a ɗan rage masa kaifi ya yi kauri. Tsofaffin 'yan wasa na gane wannan nan take. Sabon shiga ba zai gane ba sai an koya masa, kuma in sautin yana hawa da sauka da kansa, kamar jiniya, dabarar ta rushe. Wasu kan dushe sautin baya, su yanke masa sirarran amo. Wannan ya fi kama da gaskiya, sai dai yana rikicewa da sautin da ke bayan bango, in kai ma haka ka nuna bango.

Shawarata a haɗa su, kada a dogara da ɗaya. Ka bar ɗan wasa ya juya da sauri, domin da ya juya kaɗan abin gaba zai karkata gefe ɗaya, na baya ya karkata ɗaya gefen. Ka ƙara maɓalli da zai faɗi wuri da fuskar agogo, inda ƙarfe 12 ke nufin gaba, ƙarfe 6 baya: "ƙofa, ƙarfe 6, taku 4." Sannan ka zaɓi sautuka masu kaifin farawa, irin ƙwanƙwasa ko takun ƙafa, don gurnani mai kauri yana da wuyar gano inda yake. Ko da duk wannan, wasu za su riƙa kuskure a farko. Kada hankalinka ya tashi, kunne na sabawa. In dai bayan dogon wasa har yanzu suna juya wa abokin gaba baya, laifin naka ne.

Sautina ya ƙi matsawa hagu ko dama.

Fayil ɗin sitiriyo ne. OpenAL ba ya ɗora sitiriyo, mai layin sauti biyu, a wuri, sai mono kawai, mai layi ɗaya. Buɗe shi a Audacity, manhajar gyaran sauti, ka mayar da shi mono.

MP3 ko OGG?

OGG, ko WAV ga gajerun sautuka. MP3 na ƙara ɗan shiru a farkon fayil, shi ya sa sauti mai maimaituwa, kamar na ruwan sama, ke yankewa duk zagaye.

Zan iya yanko sauti daga fim ko wani wasa?

Ba za ka iya ba, haƙƙin wani ne. Shafin Freesound na cike da sautuka, amma ka duba lasisin kowanne: CC0 ba sharaɗi, CC BY sai ka ambaci mai shi, mai alamar NC kuma ba a sa shi a abin sayarwa. Ka riƙa rubuta sunayen tun ranar da ka sauke su, daga baya ba za ka tuna ba. Ƙofa da taku da tafi kuwa, wayarka ta isa ta naɗa a ɗaki mai labule.

Da Hausa nake son yin nawa.

Madalla. Ka naɗi muryar mutum. Muryar Turanci ta na'ura ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba, balle karin sauti. Lambobi ka naɗe su ɗaya-ɗaya, wasan ya riƙa haɗawa.

Ina zan ɗora shi, kuma me ya sa Windows ke gargaɗi?

Shafin wasanni na itch.io ba ya karɓar kuɗin ɗorawa. Google Play na karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple dala 99 duk shekara. Gargaɗin na zuwa ne don fayil ɗinka sabo ne kuma ba shi da sa hannun dijital, abin da aka naɗe da PyInstaller, mai mayar da aikin Python fayil ɗin da Windows zai iya kunnawa, kuma ya fi shan wannan. Kada ka ce wa mutane su kashe kariyarsu gaba ɗaya. Ka tura fayil ɗin ga kamfanin kariyar su duba, ka kuma sa bayanin maɓallai a fayil na rubutu zalla, ba hoto ba.

In na rufe idona na gwada, ai ya isa?

Bai isa ba. Kai ka zana taswirar, tana cikin kanka. Ka kashe allo ka gwada, sannan ka ba makafi aƙalla uku, ka yi shiru kana sauraron inda suka maƙale. Su za su gaya maka manhajar karanta allo tana ƙwace kibiyoyi, ko iyafis na Bluetooth yana jinkirta sauti har kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wanda ya isa ya ɓata wasan sauri. Ka tambaye su kuma ko akwai shafin koyon sautuka, inda za a ji kowane sauti da sunansa kafin a shiga wasa. In babu, koma ka sa.