Tayar taɓo ga motar da ke raba rayuwarta tsakanin kwalta da jeji: tambayoyi da amsoshi

Da zarar damina ta kankama, masu a-kori-kura irin su Hilux sukan fara leƙen shagunan taya, musamman waɗanda suka taɓa kwana a hanyar gona saboda mota ta kafe. Ido kuwa ba ya wuce tayar nan mai manyan haƙora, wadda ko a jingine take sai ka ce za ta hau bango. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Mece ce tayar taɓo, kuma da me ta bambanta da sauran?

Masu ƙera taya sun kasa tayoyin irin waɗannan motoci gida uku, kuma sukan rubuta alamar a jikinsu. H/T ita ce ta kwalta zalla, mai ƙananan zane, wadda yawancin motoci ke fitowa da ita daga kamfani. A/T ita ce 'yar tsaka-tsaki, ta kwalta da burji da tsakuwa. M/T ita ce ta taɓo. Daga baya an shigo da wata ta huɗu, R/T, wadda ta zauna tsakanin A/T da M/T.

Sirrin M/T yana cikin faɗin ramukan da ke tsakanin haƙoranta. Idan taya mai ƙananan zane ta shiga laka, nan da nan lakar take cike zanen, taya ta koma sumul kamar suɗaɗɗiya, tana ta juyawa a wuri ɗaya. Ita kuwa M/T, duk juyin da ta yi sai ta watsar da lakar da ta kwasa, haƙoran su sake cizon ƙasa. Zurfin zanenta yakan kai wajen milimita 14 ko 15 tana sabuwa, alhali ta kwalta ba ta cika wuce 8 ko 9 ba. Gefenta ma ya fi kauri, kuma haƙoran sukan gangaro har kafaɗarta, domin ta kama bangon rami ta kuma jure kututture da dutse.

A kula da wani abu: rubutun M+S da ake gani a jikin tayoyi da yawa ba ya nufin tayar taɓo ce. Har a jikin wasu tayoyin kwalta akwai shi. Kada mai shago ya nuna maka shi ya ce ai ga shaida.

Ina gari duk mako, sai Asabar ko Lahadi nake zuwa gona. Ta dace da ni?

A ganina, mafi yawan masu wannan tambaya A/T suke buƙata, M/T suke sha'awa. Zauna ka yi lissafi tsakaninka da Allah. A Kano da kewayenta, ruwan kirki daga Yuni ne zuwa Satumba, kuma Agusta ne watan da ƙasa ke jiƙewa sharkaf. Cikin waɗannan watanni, sau nawa ka shiga wurin da motarka ta gaza fita da kanta? Idan amsar sau ɗaya ce ko biyu a shekara, to za ka biya kuɗin ƙugi da shan mai na wata goma sha biyu saboda kwana biyu. Igiyar ja mai ƙarfi da shebur sun fi araha.

Amma akwai mutanen da ba su da zaɓi. Mai noman shinkafa a fadamar Haɗeja zuwa Nguru, wanda dole ya kai taki ya kuma fito da amfani ko ana ruwa ko ba a yi. Mai bin baƙar ƙasar yankin Tafkin Chadi, wadda idan ta sha ruwa take manne wa taya kamar danƙo. Mai zirga-zirga a ƙauyukan tsaunin Mambila a Taraba, inda damina ke da tsawo, ga jar laka mai santsi, ga hawa da gangara. Irin waɗannan, kafewa ɗaya tana iya cinye musu yini da kuɗin tarakta, har da lalacewar kaya. Su kam M/T kayan aiki ce, ba ado ba.

Abin dubawa dai shi ne irin ƙasar da ka fi takawa. Hanyar burji mai tsakuwa da ramuka, ko da ta jiƙe, A/T mai kyau tana cin ta lafiya lau. Laka mai danƙo wadda ke cika zanen taya, nan ne M/T take nuna kanta.

Me zan rasa a kan kwalta idan na sa ta?

Abu na farko da kowa ke lura da shi shi ne ƙara. Daga gudun kilomita 60 ko 70 zuwa sama za ka fara jin ƙugi, kuma yana ƙaruwa yayin da tayar ke tsufa, musamman idan haƙoran suka ci ba daidai ba. Wanda ke bin hanyar Kano zuwa Abuja duk mako, da iyali a baya, zai san da zamanta.

Sai mai. Tayar ta fi nauyi, kuma manyan haƙoran nan suna lanƙwasa suna miƙewa a duk juyi, inji ne kuma ke biyan wannan wahala. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 babu mai raina ƙarin lita ɗaya, balle masu dizal da suka daɗe da sanin zafin farashi. Kwalta mai zafi kuma tana cin haƙoran da sauri fiye da yadda take cin A/T.

Wanda ya fi damuna, kuma ba a cika faɗinsa a shago ba, shi ne birki a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Tayar kwalta tana da ƙananan tsage-tsage masu yawa a fuskarta, su ne ke share siririn ruwan da ke kwance a titi su kama kwalta. M/T ba ta da su da yawa, kuma robar da ke taɓa titi kaɗan ce saboda faɗin ramuka. Sakamakon haka mota takan ɗauki tazara mai tsawo kafin ta tsaya, kuma bayan a-kori-kura, wanda dama ba shi da nauyi idan ba kaya, yana saurin zamewa a kwana. Abin mamaki, tayar da ka saya domin damina ita ce ke neman ka fi yin hattara a titin gari ranar da aka yi ruwa, tun ba ruwan farko ba, wanda ke tayar da maiƙon da ya kwanta a kwalta duk tsawon rani.

To a yashi fa? Ai mai haƙora za ta fi.

Ba lallai ba. A taɓo ana so taya ta tona har ta kai ƙasa mai tauri. A yashi babu ƙasa mai tauri a kusa, ana so ne mota ta yi yawo a sama. M/T da cikakkiyar iska, ga direba mai nauyin ƙafa, kabarin kanta take haƙawa. Wanda hanyarsa ta fi yawa a rairayin arewacin Yobe ko ƙauyukan Damagaram zai fi jin daɗin A/T da aka rage wa iska.

Motata ba fowil ba ce, ƙafafun baya kawai ke ja. Tayar za ta cike gurbin?

Za ta taimaka, amma ba za ta mai da ita fowil ba. Idan ƙafar baya ɗaya ta hau santsi, ƙarfin inji can yake tafiya, ɗayar ta tsaya tana kallo. Buhu biyu ko uku a saman ƙafafun baya sukan yi aikin da mutane ba sa zato. Masu fowil kuma su tuna cewa a irin su Hilux ba a barin giyar ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, don tana ɗaure kayan ƙasan mota ta kuma ci taya.

Me rubutun jikin tayar ke nufi?

Ɗauki 265/65R17, girman da Hilux da yawa na zamanin nan ke ɗauke da shi. 265 faɗin tayar ne a milimita. 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 ne na wannan faɗi. 17 kuma girman rim ne a inci.

Bayan wannan akwai lamba da harafi, misali 112S. Lambar ta nauyi ce: 112 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120, 120 kuma kilo 1,400. Harafin na gudu ne: S kilomita 180 a awa, T 190, Q kuma 160. Yawancin tayoyin taɓo Q ne. Kada ka sayi wadda lambar nauyinta ta gaza wadda kamfanin motar ya rubuta a jikin ƙofar direba.

Idan ka ga LT a farkon girman, ƙirar motocin ɗaukar kaya ce, mai ƙarfin jiki. Cikinta ma akwai daraja: C, D da E, waɗanda masu taya ke kira mai fulayi 6, 8 da 10. Mutanenmu suna son jin "fulayi goma", to amma E tana da tauri, kuma motar da ke yawo ba kaya za ta riƙa dukan ka a kowane rami. Ga mai ɗibar buhuna kullum ta dace. Ga mai zuwa ofis da gona, C ko D ta wadatar, in dai lambar nauyin ta kai. Kuma taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa mota iyakar lodinta. Hilux kayan wajen tan ɗaya aka yi ta domin ɗauka, wato buhu goma na masara. Sifirin da birki ba su san ka canza taya ba.

Zan iya sa wadda ta fi ta asali girma?

Taki ɗaya yawanci ba ya kawo matsala, amma a auna. Daga 265/65R17 zuwa 265/70R17, tsayin taya yana tashi daga wajen milimita 776 zuwa 803. Cikin mota zai ɗaga da milimita 13 kacal, allon gudu kuma zai fara yi maka ƙarya: yana nuna 100 alhali kana kan 103. Kafin ka biya, a ɗaura ɗaya a gaba, a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a ga ko tana gugar wani abu. Wuce haka kuwa sai ɗaga mota, sai mutuwar ƙarfi a hawa, sai ƙarin wahala ga birki da kuloci. Faɗi ma ba kullum yake riba ba: dubi tsofaffin Land Cruiser da ke aikin jeji da siririyar 7.50R16, suna yanka laka har su taɓa ƙasa.

Iska nawa zan sa?

A kwalta, fara da abin da ke rubuce a jikin ƙofa, a auna kuma da safe kafin taya ta ɗau zafi. Tayar LT takan so ɗan ƙari a kan haka. Lambar da ke jikin tayar kanta, kamar PSI 80 (ma'aunin iskar taya) a kan mai daraja E, iyaka ce, ba umarni ba. Wasu masu faci da zarar sun ga babbar taya sai su ɗura mata iska har ta yi ƙarar ganga. Sai tsakiyarta ya cinye, birki ya ƙara lalacewa. Ka mallaki gejinka.

A laka ana saukewa zuwa wajen 22 ko 25, a yashi zuwa 18 ko ƙasa kaɗan, domin tafin tayar ya ƙara tsawo. Idan aka yi ƙasa da 15 a rim na yau da kullum, taya tana iya ɓallewa daga bakinsa a kwana. Sharaɗin shi ne ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta da gudu. Taya mai ƙarancin iska a zafin Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, tana dahuwa daga ciki har ta fashe. Don haka wanda zai sayi M/T ya haɗa da ƙaramin famfon da ke aiki da batirin mota.

Kuɗina na biyu ne kawai. In sa su a baya?

Idan motar ba fowil ba ce, mutane suna yi, kuma a baya ake sa su. Sai dai gaba da baya za su riƙa kama jiƙaƙƙen titi daban-daban. A fowil kuwa a daure a sayi huɗu iri ɗaya, girma ɗaya. Safaya ma ta zama girmansu, domin ranar da za ka neme ta, a tsakiyar jeji ne.

Ta hannu fa, tunda sabuwa ta yi tsada?

Tun da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a Najeriya wajen 2007 da 2008, kusan duk tayar mota daga waje take zuwa, kuma tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, duk da cewa kasuwa cike take da su. Matsalar M/T ta hannu ita ce zurfin haƙoranta yana ɓoye shekarunta. Nemi rubutun DOT, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take faɗa wa direbobi, masu ƙera taya kuma sun ce ko ta yi kyau a ido kada ta wuce goma. Duba tsagewa a gindin haƙora, kumburi a gefe, da faci a ciki. Facin gefe kam, a bar wa mai shi kayansa. Ko sabuwa ce a duba wannan lamba, don wata ta shekara uku a sito.

Wane suna zan nema?

Cikin sanannun M/T akwai BFGoodrich KM3, Cooper STT Pro, Toyo Open Country M/T, Yokohama Geolandar M/T da Maxxis Razr MT. A ɓangaren A/T, BFGoodrich KO2 ta yi suna. Akwai kuma na China masu sauƙin kuɗi, wasu na da kyau, wasu robarsu tauri gare ta kamar ƙafar jaki, kuma a ruwa ake gane su. Tambayar da ta fi suna muhimmanci ita ce: idan kututture ya farka ɗaya bayan wata shida, zan sami irinta a garin nan?

Ya zan sa ta daɗe?

A yi mata balansin da alaimen ranar da aka ɗaura ta. A riƙa sauya musu wuri, na gaba su koma baya, duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, domin rashin yin haka ne ke sa haƙoran su ci kamar zarto, ƙugi ya ninka. Bayan an fito daga laka a wanke cikin rim, saboda busasshiyar laka a gefe ɗaya tana sa sitiyari rawa, mutum ya kai wa bakanike kuɗi a banza. Kuma kada a jira zanen ya kai milimita 1.6 da ake ɗauka a matsayin ƙarshen taya. M/T da ta cinye rabin haƙoranta ta riga ta fara cika da laka kamar kowace taya.