Kariyar malaman jinya a lokacin annoba

Kariyar malaman jinya ita ce dukan matakan da asibiti ke ɗauka don kada mai kula da majinyaci ya kamu da cutar da yake yaƙa, ko gajiya ta kayar da shi. A Nijar batun ya fito fili bayan 19 ga Maris 2020, ranar da aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Yamai. Kafin nan an sha fama da sanƙarau a Yamai a 2015, da zazzaɓin Rift a Cintabaradan da Tasara cikin jihar Tawa a 2016. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ma'aikatan lafiya 80,000 zuwa 180,000 korona ta kashe a duniya daga Janairu 2020 zuwa Mayu 2021.

Matakin farko yana bakin ƙofa. Ana tantance duk mai shigowa, a ba mai tari takunkumi, a zaunar da shi nesa da sauran jama'a. A bar tazarar aƙalla mita 1 tsakanin gadaje, tagogi kuma a buɗe ta ɓangarori biyu don iska ta ratsa.

Kayan kariya ana sa su bi da bi: wanke hannu, riga, takunkumi, tabarau, sannan safar hannu a kan bakin hannun riga. Takunkumin tiyata ya isa ga jinyar yau da kullum, amma wajen zuƙo majina ko sa bututun numfashi sai takunkumi mai tace iska sosai, irin da ake kira FFP2 ko N95. Shi wannan ba ya aiki sai ya manne da fata, gemu kuwa yana hana shi mannewa, abin da masu rabon kaya kan manta.

Haɗarin ya fi yawa wajen tuɓewa, domin a lokacin ɓangaren kayan na waje ya riga ya gurɓata, mai aikin kuma ya gaji. Ana fara cire safa da riga, ana naɗe su ta ciki, a wanke hannu, a cire tabarau ta baya, takunkumi a ƙarshe ta igiyarsa ba tare da taɓa gabansa ba, a sake wanke hannu. Wanke hannu da sabulu daƙiƙa (wato sakan) 40 zuwa 60 ne, da ruwan alkol 20 zuwa 30. A Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a Yamai da Tawa, gumi kan jiƙa takunkumi ya daina tacewa, hannu kuma ya kai ga fuska ba da sani ba. Shi ya sa ake gajarta zama cikin kayan, a tanadi ruwan sha, a sa abokin aiki ya tsaya yana kallon mai tuɓewa.

Ruwan jabel na kashe ƙwayoyin cuta ma yana da ma'auni. Ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari ake goge gado da tebur da shi, kashi 0.5 ga jini da amai. Idan jabel ɗin mai kashi 5 ne, ma'auni 1 cikin ruwa 49 yana ba da na farko, 1 cikin 9 na biyu. Kullum ake haɗa sabo a ajiye a inuwa, don rana tana kashe ƙarfinsa. Allurar da aka yi aiki da ita ba a mayar mata da murfi, akwatin zubar da ita kuma a rufe in cikarsa ta kai kashi uku cikin huɗu. Wanda ta soka ya wanke wurin da sabulu, ya sanar da majo, wato shugaban malaman jinya na wurin, nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28.

Sauran nauyin na hukuma ne: jadawalin gadi mai hutu, rigakafi ga ma'aikata tun farko, da biyan albashin wanda aka killace. Masu aikin sa-kai da 'yan kwantaragi suna iya ɓoye zazzaɓi, don kwanan da ba su zo ba babu mai biyansu. Yarjejeniya ta 149 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1977, ta nemi a ba malaman jinya sharuɗɗan lokacin aiki, hutu da hutun rashin lafiya da ba su gaza na sauran ma'aikatan ƙasa ba.