Gudun harsashin farko ba shi ne gudun bindigar ba

Masu harbin nesa da yawa sun daɗe da ɗauka cewa da zarar an ɗaura sabon bututu a bindiga, aka harba uku ko biyar a gaban na'urar auna gudu, to an gama sanin gudun da yake ba harsashi. Ba haka abin yake ba.

Sabon bututu yana zuwa da 'yar kaushi a maƙogwaronsa, wato daidai inda harsashi ke fara kama zanen ciki (layukan da ke murɗa harsashi), saboda sawun ƙarfen da aka huda shi da shi. Zafin albarushi da gogar harsashi ne ke goge kaushin sannu a hankali, kuma gudun harsashi yakan ƙaru cikin harbi 100 zuwa 200 na farko kafin ya daidaita. Wanda ya yi lissafin nisa da alƙaluman ranar farko, zai ga harsashinsa na haurawa sama da inda ya auna, ya kama zargin na'ura a banza.

Ga kuma harbin farko bayan wanke bututu: man da ya rage a ciki yakan sauya gudunsa, kada ma a ƙirga shi. A bar gudun ya daidaita tukuna, sannan a ɗauki matsakaicin gudun harbi 10 ko fiye.